KO YA KAMATA A TILASTA WA MAHARBA SU KOYI SANIN TSUNTSAYEN RUWA?

Idan ruwan sama ya ɗauke, kaka ta yi, iskar hunturu kuma ta fara busawa, duk wanda yake zaune kusa da fadama ko tabki ya san baƙin da suke sauka. Da asuba sai a ji kirinjijiya tana wucewa bisa gari tana fito, da yamma kuwa a ga agwagin ruwa sun tashi kamar hayaƙi. Manomin shinkafa yana dubansu da fargaba. Maharbi kuwa yana dubansu da murna, gama ga nama ya zo har ƙofar gida, ga kuma ɗan abin da zai kai kasuwa.

Amma akwai wata tambaya da ba safai mukan yi ba. Sa'ad da maharbi ya ɗaga bindiga, ya san sunan tsuntsun da ya auna? Ko kuwa duk abin da ya tashi daga ruwa yana da fiffike, agwagwa ce kawai a wurinsa?

A waɗansu ƙasashe wannan tambaya ta zama maganar doka. Ba a ba mutum izinin harbin agwagin ruwa sai ya ci jarrabawar da ta nuna yana iya rarrabe tsuntsun da aka halatta da wanda aka hana. Waɗansu suna cewa wannan daidai ne, waɗansu kuwa suna cewa wahala ce kawai aka ɗora wa mutane. A nan za mu duba yadda abin yake, da abin da ya faru a wuraren da aka gwada shi, sa'an nan mu ga ko akwai abin da za mu koya.

INA WAHALAR TAKE?

Wani zai ce, wane ne bai san agwagwa ba? Gaskiya ne, idan tana kwance a hannunka da rana tsaka, ko yaro ya san ta. Amma maharbi ba a hannu yake ganinta ba. Yakan fita da jijjifi ko da almuru, lokacin da haske bai isa ba. Tsuntsun yana sama, yana gudu, sau da yawa kuma rana tana bayansa, sai a gan shi baƙi ƙirin ko da fari ne. Tsakanin ganinsa da harbi, bai fi ƙiftawar ido biyu ko uku ba.

Har wa yau, tsuntsayen ruwa ba su cika tafiya iri ɗaya kaɗai ba. Cikin garke guda akan sami iri uku ko huɗu a gauraye. Matan agwagi kuwa, da 'ya'yan da ba su gama girma ba, yawancinsu ruwan ƙasa ne, suna kama da juna ƙwarai. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Abu na uku shi ne bindigar kanta. Harsashin harbin tsuntsu ba ƙwaya ɗaya ba ce. Yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi fiye da 100, suna fita kuwa sai su watsu. Wanda ya harba cikin tsakiyar garke bai zaɓi kome ba. Zai kashe ɗaya ko biyu, ya ji wa waɗansu rauni, su tafi su mutu cikin ciyawa inda ba mai amfana da su.

To, me ya sa za a damu? Dalili shi ne, tsuntsaye ba su da ƙarfin haihuwa daidai da juna. Kirinjijiya takan saka ƙwai har 10 ko fiye cikin sheƙa ɗaya, saboda haka idan an ɗebi kaɗan cikinsu, damina mai kyau takan mayar da abin da aka rasa. Gauraka kuwa ƙwai kaɗan yake yi, yakan kuma yi shekaru kafin ya soma haihuwa. Kashe gauraka ɗaya ba daidai yake da kashe kirinjijiya ɗaya ba. Kamar manomi ne da ya yanka zakara, da wanda ya yanka saniyarsa guda ɗaya mai ciki. Dukansu sun ci nama, amma hasararsu ba ɗaya ba ce. Domin wannan ne dokokin farauta suke raba tsuntsaye kashi biyu, waɗanda za a iya harbi a lokacinsu, da waɗanda ba a taɓawa ko kaɗan. Amma dokar ba ta da amfani idan mai riƙe da bindiga bai san wane ne wane ba.

ABIN DA AKA YI A BIKTORIYA

Wurin da aka daɗe ana gwada wannan al'amari shi ne Jihar Biktoriya, a kudu maso gabashin ƙasar Ostareliya. Mutanen wurin suna harbin agwagin ruwa domin nishaɗi da nama, akan kuma buɗe lokacin farauta wajen watan Maris ko Afrilu, a rufe kafin ƙarshen Yuni. Cikin shekara ta 2023 masu lasin harbin agwagwa a jihar sun fi mutum 20,000.

A can akwai wata agwagwa da ba a samunta ko'ina a duniya sai Ostareliya. Jikinta duhu ne da ɗige-ɗige ƙanana kamar na zabuwa, sunan da suke kiranta da shi ma ma'anarsa ke nan, watau mai ɗige-ɗige. Ba ta da yawa, doka kuwa ta hana harbinta. Amma tana da halaye biyu da suke jawo mata hallaka. Na fari, idan fari ya yi a tsakiyar ƙasar, tabkunan da take zama suka ƙafe, sai ta gangaro kudu zuwa tabkunan da maharba suke taruwa. Na biyu, idan ta ji ƙarar bindiga ba ta cika gudu nesa ba, sai ta yi ta kewaya tabkin ƙasa-ƙasa. Daga nesa kuma tana kama da baƙar agwagwar ƙasar, wadda aka halatta. Mai sani ne kaɗai zai lura cewa baƙar agwagwa tana da zane a fuska, da tabo kore mai ƙyalli a bayan fiffike, da fari a ƙarƙashinsa, ita kuwa mai ɗige-ɗige ba ta da wannan ado.

Saboda yawan kashe irin waɗannan tsuntsaye, cikin shekara ta 1990 gwamnatin jihar ta kafa jarrabawar sanin tsuntsayen ruwa. Ga yadda aka tsara ta. Akan nuna wa mutum gajerun hotunan majigi guda 22. Cikin kowane ɗaya zai ga tsuntsu yana tashi ko yana iyo, na 'yan daƙiƙoƙi kaɗan kawai, kamar yadda zai gan shi a bakin tabki. Sai ya zaɓi sunan tsuntsun, ya kuma faɗa ko na harbi ne ko wanda aka hana. Idan bai tabbata ba, an yarda ya ce bai tabbata ba, ba zai harba ba. Wannan ita ce ka'idar da ake so ta zauna a zuciyarsa: in ba ka tabbata ba, kada ka harba. Wanda bai ci ba, ba lasin.

Jihohin Ostareliya ta Kudu da Tasmaniya su ma suna neman wannan jarrabawa. Akwai kuma abin da zai ja hankalin manoman shinkafa. Jihar Niyu Sawus Wels ta hana harbin agwagwa domin nishaɗi tun shekara ta 1995, amma tana da manyan gonakin shinkafa, agwagi kuwa suna yi musu ɓarna. Saboda haka aka bar wa manomi hanya. Yana iya neman izini, ya kira maharba su rage masa agwagin a gonarsa, bisa adadin da hukuma ta yanka. Amma maharbin da zai shiga gonar, sai wanda ya ci jarrabawar nan. Ashe tsare amfanin gona da tsare tsuntsun da ya kusa ƙarewa suna iya tafiya tare.

JARRABAWAR TA WARKAR DA CIWON?

Ba ta warkar da shi duka ba. Wannan kuwa shi ne babban darasi.

Cikin watan Maris na shekara ta 2017, a ranar buɗe farauta, maharba da yawa suka taru a wata fadama mai suna Kurangi, kusa da garin Kerang a arewacin jihar. Waɗansu suka soma harbi tun lokacin da doka ta yanka bai yi ba, gari bai gama wayewa ba. Bayan an watse aka tsinci ɗaruruwan agwagi a yashe, ba wanda ya ɗauka. Cikinsu akwai fiye da 200 waɗanda doka ta hana harbi, har da mai ɗige-ɗige. A tuna, a lokacin jarrabawar ta shekara 27 tana aiki. Binciken da aka sa aka yi a kan Hukumar Kula da Farauta ta jihar bayan wannan ya nuna cewa karya dokar farauta ya zama ruwan dare, hukumar kuma ba ta tsare dokar yadda ya kamata.

Cikin shekara ta 2020 hukumar da kanta ta yi wa masu lasin tambayoyi domin ta auna saninsu. Da aka zo tambayar rarrabe agwagi, wajen mutum ɗaya cikin biyar ne kaɗai ya amsa ta duka daidai. Dalili a fili yake. Sau ɗaya ake cin jarrabawar a rayuwa. Wanda ya ci ta yana saurayi, yau ga shi da furfura, idonsa ya rage, abin da ya koya kuma ya shuɗe, amma takardarsa tana nan.

Gwamnati ta yi waɗansu gyare-gyare bayan abin da ya faru a Kurangi. Aka ɗaga makin cin jarrabawa zuwa kashi 85 cikin 100. Aka jinkirta lokacin fara harbi a ranakun buɗewa har rana ta fito sosai. Aka kuma wajabta wa maharbi ya ɗauki abin da ya harbo, kada ya bar shi a ruwa. Duk da haka gardama ba ta kwanta ba. Cikin shekara ta 2023 wani kwamitin majalisar jihar ya karɓi takardun ra'ayi fiye da 10,000 daga jama'a, ya kuma ba da shawara a hana harbin agwagwa ɗungum, kamar yadda Ostareliya ta Yamma ta yi a 1990, da Kwinsilan a 2005. A watan Janairu na 2024 gwamnati ta ƙi wannan shawara. Ta ce farauta za ta ci gaba, amma daga 2025 za a ƙara wa maharba horo na dole, a kuma tsananta hukunci.

Abin lura a nan shi ne, rashin sani da rashin kula na waɗansu ya kusa jawo wa dukan maharba hasarar sana'arsu.

WANI MISALI DAGA AMURKA

A Amurka akwai dangin gauraka iri biyu. Ɗaya ruwan toka ne, yana da yawa, ana kuma farautarsa a waɗansu jihohi. Ɗayan fari ne fat, da baƙi a bakin fiffike, tsawonsa ya kai mita ɗaya da rabi. Cikin shekara ta 1941 fararen nan ba su kai 25 ba a duniya duka. Macen takan saka ƙwai biyu, amma galibi ɗa ɗaya ne yake rayuwa. Da ƙyar da wahala aka shekara da shekaru ana kiwonsu har suka kai ɗaruruwa.

A watan Nuwamba na 2004, a Jihar Kansas, waɗansu maharba da suka fita neman mai ruwan toka da sassafe suka harbi fararen, biyu suka mutu. Aka ci su tara, aka kuma hana su farauta na wani lokaci. Bayan haka jihar ta sa doka cewa duk mai son izinin harbin mai ruwan toka sai ya ci gwajin rarrabe su biyun tukuna. Gwajin gajere ne, ana yinsa ta intanet. Ba a tambayar mutum dukan tsuntsayen duniya, sai waɗanda zai iya rikitawa da abin da ya fita nema.

MASU CEWA BA SU YARDA BA

Ya kamata mu saurari masu ƙin wannan doka, gama maganarsu ba ta banza ba ce.

Na fari suna cewa, maharbin da ya gaji sana'a wurin ubansa ya fi mai ba da jarrabawa sanin daji. Wannan gaskiya ne ga tsofaffin maharba da yawa. Mutumin da zai ɗaura kan burtu a goshinsa, ya yi rarrafe yana kwaikwayon tafiyar tsuntsu har ya kusanci nama, ba za a ce bai san halin tsuntsaye ba. Amma ba duk mai bindiga ne ya yi wannan koyo ba. Yau saurayi yana iya sayen bindiga bai taɓa bin wani babba daji ba. Sa'an nan kuma, sanin tsuntsu dabam, sanin ko ya kusa ƙarewa a duniya dabam. Tsuntsun da ka gani 50 a tabkinku, mai yiwuwa ne su ke nan a lardin duka.

Na biyu suna cewa, mai mugun nufi ba jarrabawa ce za ta hana shi ba. Wannan ma gaskiya ne, abin da ya faru a Kurangi ya nuna haka. Amma horo yana rage kuskuren mai gaskiya, yana kuma toshe bakin mai ƙarya. Wanda ya ci jarrabawa ba zai tsaya gaban alƙali ya ce bai sani ba.

Na uku suna cewa, doka irin wannan talaka take ci. Wanda bai iya karatu ba zai fāɗi, ba don bai san tsuntsu ba, sai don bai san takarda ba. Ga kuɗin jarrabawa, ga kuɗin mota zuwa birni, ga kuma hanyar cin hanci da za ta buɗe. Wannan ita ce magana mafi nauyi cikin ukun. Amma ba horon take kushewa ba, sai yadda ake yinsa. Idan an tsara shi da kyau, za a kauce wa yawancin wannan.

Me zai hana a bar shi ga wanda ya ga dama? Amsa ita ce, wanda yakan zo koyo da kansa, shi ne mai kula tun dā. Wanda ya fi bukatar horon, shi ne ba zai zo ba sai an ce dole.

MU FA, INA RUWANMU?

Ruwanmu yana ciki, gama muna da ɗaya daga cikin manyan masaukan tsuntsayen ruwa a Afirka ta Yamma, watau fadamar Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala cikin Jihohin Jigawa da Yobe. A nan ne wurin kiwon tsuntsaye na Dagona yake, cikin ƙasar Bade, da na Baturiya a Jigawa. Cikin shekara ta 2000 aka sa tabkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamu masu daraja a duniya, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a Ramsar ta ƙasar Iran a 1971. Haka kuma tabkin Cadi da kwarin kogin Kwara a Nijar suna karɓar irin waɗannan baƙi.

Tsuntsayenmu iri biyu ne. Akwai 'yan gida, kamar kirinjijiya, da dinya, da agwagwar nan da namijinta yake da ƙulu a bisa baki. Waɗannan da damina suke haihuwa a nan ƙasarmu. Akwai kuma baƙi masu zuwa cin rani daga Turai da Rasha. Sukan ƙetare teku da Hamada, tafiyar fiye da kilomita 4,000, su iso wajen watan Oktoba, su koma wajen Maris. Cikinsu akwai 'yar ƙaramar agwagwa wadda namijinta yake yin farar gira gab da komawarsu, da wata mai dogon wuya da tsinin wutsiya. Waɗannan suna zuwa dubu-dubu. Amma a tsakaninsu akan sami wata ja-ja mai duhu, namijinta da farin ido, da fari a ƙarƙashin wutsiya. Ita wannan ta ragu ƙwarai a Turai, masana kuma sun sa ta cikin waɗanda ake jin tsoron ƙarewarsu nan gaba. Da asuba, cikin hazo, wa zai rarrabe ta in ba a nuna masa ba?

Mun kuma ga abin da ya sami gauraka. Tsofaffi suna ba da labarin garkunansa a fadamun arewa. Yau da wuya a gan shi a dajin Nijeriya, saboda kamu domin sayarwa, da farauta, da lalacewar fadamu, ko da yake shi ne ake ɗauka tsuntsun ƙasa. Ruwan fadamar Haɗeja ma ya canza tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Idan masauki ya ƙuntata, tsuntsaye sukan cunkushe wuri ɗaya, harbi ɗaya kuma ya yi ɓarna mai yawa.

Maganar horo ba baƙuwa ba ce ga dokokinmu. Tun 1963 Jihar Arewa ta dā ta yi dokar namun daji wadda ta raba dabbobi da tsuntsaye aji-aji, Gwamnatin Tarayya kuma ta yi doka mai lamba 11 ta 1985 domin waɗanda suka kusa ƙarewa. Akwai kuma yarjejeniyar tsare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda aka ƙulla a birnin Heg a 1995, ta soma aiki a 1999. Nijeriya da Nijar duka suna cikinta. Cikin abubuwan da ta nema ga ƙasashe har da ƙarfafa gwajin ƙwarewa ga maharba, ta kuma ambaci sanin tsuntsaye da sunansa. Watau an riga an amince a takarda. Abin da ya rage shi ne ya iso bakin tabki.

YADDA ZAI YI AMFANI

Ra'ayinmu shi ne, i, ya kamata horon ya zama dole ga duk mai harbin tsuntsayen ruwa. Amma daga abin da muka gani a sama, sai an cika waɗannan sharuɗɗa:

1. A yi shi da harshen maharbi, da sunayen da ya sani, ko Hausa, ko Badanci, ko Barbarci, ko Fulatanci. Inda tsuntsu ba shi da suna, a bar maharba su raɗa masa.

2. Kada a sa karatu da rubutu a ciki. A nuna hoto mai launi, ko bidiyo a waya, a sa kukan tsuntsu, mutum ya amsa da baki. Mafi kyau duka, a tafi bakin ruwa da sassafe a gwada shi a can.

3. A bi ta hannun sarkin baka da ƙungiyoyin maharba, tare da dagaci da malaman daji. Tsofaffin maharba su zama malamai, ba 'yan makaranta kaɗai ba.

4. Kada a cika kaya. Tsuntsaye 15 ko 20 na wannan yanki sun isa, a fi ba da ƙarfi ga masu kama da juna.

5. A maimaita shi bayan 'yan shekaru, lokacin sabunta izini, kada a yi kuskuren sau ɗaya a rayuwa.

6. A kawo shi ƙauye, kyauta ko da kuɗi kaɗan, a kuma ba da rasit.

7. A haɗa da masu raga da tarko. Raga ba ta zaɓe, amma mai ita yana iya sakin tsuntsun da aka hana tun yana da rai, in ya san shi.

8. A sa masu tsaro su riƙa zagayawa. Horo ba tare da tsaro ba, kamar shinge ne da ba ƙyaure.

ABIN DA MAHARBI ZAI IYA YI TUN YANZU

Ba sai an jira gwamnati ba. Ɗan'uwa maharbi, ga abin da yake hannunka. Kada ka harba sai gari ya waye har kana ganin launin fiffike. Kada ka harba cikin tsakiyar garke, zaɓi ɗaya daga gefe. Kada ka harbi abin da ya fi mita 30 nisa, gama rauni kawai za ka ji masa. Ka bar tsuntsayen gida da damina, lokacin ƙwai da 'ya'ya. Ka bar shamuwa da balbela, su ne suke cinye mana fara da tsutsa a gona. Kada ka zuba maganin ƙwari cikin hatsi domin kama tsuntsu, gama dafin yana bin naman har cikin tukunyar wanda ya saya. In ka tarar da tsuntsaye sun mutu da kansu a bakin ruwa, kada ka taɓa, kada ka kai gida, sai ka sanar da malamin dabbobi. Murar tsuntsaye ta shigo Nijeriya tun 2006, ta kuwa hallaka kaji masu ɗimbin yawa.

Fiye da kome, in ba ka san shi ba, sauke bindigarka. Tsuntsun da ka bari yau, gobe kana iya tambaya a gaya maka sunansa. Wanda ka harbe kuwa, da na sani ƙeya ce.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

A taronku na gaba, ku gayyaci sarkin baka ko wani tsohon maharbi, ku duba waɗannan tare:

1. Tsuntsayen ruwa iri nawa za ku iya lasaftawa da sunansu a fadamarku? Waɗanne ne 'yan gida, waɗanne ne baƙi?

2. Waɗanne ne iyayenmu suka sani, waɗanda yanzu ba a ganinsu? Me ya kore su?

3. Waɗanne ne suke cin shinkafa da gaske, waɗanne ne kuma ake zarginsu a banza?

4. Idan za a yi irin wannan horo a garinku, wa ya kamata ya koyar, a wane wata, a kuma wane wuri?